MATANKAƊI

Shafi na 19

Masu biyo ni ta bayan fage kuna cewa na yi shiru, ku yi haƙuri, wutarmu ce ta tafi yawon da ta saba. Ke kuma Filomina da kika rantse Malam Ubale ne Matankaɗi, ki fara shirin kaffara.

*

Hamdiya ba ta san lokacin da keke ya sauke ta a Angwan Iya ba. Sai da mai keken ya ƙwala mata kira sannan ta dawo ta ɗauki jakarta. Wayarta kuwa tana hannu, ta damƙe ta kamar za a ƙwace.

Watanni ke nan wani mai kiran kansa Matankaɗi ya sa ta a gaba. Babu wanda ya san mace ce ko namiji. Ta ɗora shafin labarinta, Hanyar Garaku, da safe, kafin azahar ya bi shi guruf-guruf ya feɗe shi har wutsiya. Ta yi kuka, ta share hawaye, ta ci gaba da rubutunta. Amma na yau ya wuce feɗewa. Yau ɓarauniya ya kira ta.

Ya ce wurin nan na cikin labarinta da ƙwaryar mai nono ta fashe a kan kwalta, matar ta durƙusa tana kwalfar nonon da tafin hannu, sata ce tsagwaronta daga Gaɓar Antau, tsohon littafin Hajiya Halima Sadiya. Kan ka ce kwabo Malam Ubale, sakataren ƙungiyar marubutan garin, ya kira ta ya ce zargin satar fasaha ba abin wasa ba ne, ƙungiya za ta zauna ranar Asabar. In ya tabbata, an cire sunanta daga ƙungiya, kuma duk guruf ɗin da ke ɗaukar labarinta zai rufe mata ƙofa.

Sai bayan ta ajiye wayar ta sake karanta rubutun Matankaɗi a tsanake. A nan ne ta lura da wani abu.

Wurin ƙwaryar nan ba ya cikin shafin da ta ɗora. Ta goge shi kafin ta tura.

Kuma mutum ɗaya ne ya taɓa jin sa.

Ta yi sallama da muryar da ita kanta ba ta gane ba.

Hajiya Halima Sadiya na zaune a tabarma ƙarƙashin mangwaron tsakar gida, tire a cinya, tana ɓarar agushi. A kan tabarmar nan Hamdiya ta koyi duk abin da ta sani. Kowace Laraba takan zo ta karanta shafukanta da baki, Hajiya ta lumshe ido tana ɓara tana saurare, don a wurinta rubutu da kunne ake auna shi. Abin da kunne ya ƙi, in ji ta, ido ma haƙuri yake yi da shi. Kuma a kan tabarmar nan Hamdiya ta zubar da hawayen duk zagin da Matankaɗi ya yi mata.

"Lale da 'yar gidan Mama. Na zaci Innarki ce ta iso da nonona, yau ta makara. Zo, zo nan. Ubale ya kira ni, na ji komai."

Hamdiya ta durƙusa daga bakin tabarmar. Ba ta hau ba.

"Ina wuni, Mama."

"Lafiya lau. Ji idonki yadda ya kumbura. Ba na hana ki kuka a kan mahassada ba? Ki kwantar da hankalinki. Ranar Asabar ni da kaina zan tashi a gaban kowa in ce na yafe miki."

Hamdiya ta ɗago.

"Ki yafe min me, Mama?"

"To, ai kin san mutane. In mai abu ta ce ta yafe, wa zai sake magana?"

"Sai wanda ya yi sata ake yafe wa."

Hajiya ta yi 'yar dariya, ta watsa ɓawon agushi gefe.

"Ke dai da kafiya. Ana neman rufa miki asiri kina jan zance."

"Mama, kin karanta shafin da na ɗora jiya?"

"Me zan karanta? Ba da bakinki kika karanta min shi ba? Kin san ni da rubutun waya, idona ruwa yake yi."

"Wurin ƙwaryar, kina ganin ya yi kama da naki?"

Hajiya ta karkata kai kamar mai tausayi.

"Tsakani da Allah, ɗan kama kam akwai shi. Amma ai ba da gangan kika yi ba. Wanda ya daɗe kusa da mai turare..."

"Tulu ne ya fashe a littafinki, Mama. A bakin rafi. Budurwa ce ta hango saurayinta ta yi tuntuɓe."

"Fashewa ai fashewa ce."

"Babu wurin ƙwarya a shafin da na ɗora."

Hannun Hajiya ya tsaya cak a cikin tiren.

"Kamar ya babu?"

"Na goge shi."

"Yaushe?"

"Ranar da na karanta miki. Ina fita daga gidan nan na goge shi a cikin keke. Ko mutum ɗaya a guruf bai gan shi ba."

Jama'a, tsohuwa ba ta rasa dabara. Hajiya ta ɗauki ƙwayar agushi ɗaya ta ɓare a hankali, kamar babu abin da ya faru.

"To kin tura wa wata ƙawarki ke nan. Ku yaran yanzu cikinku ba ya riƙe magana."

"Ban tura wa kowa ba."

"Ko wani ya ji ta katanga."

"A ɗaki muka zauna ranar. Ruwa ake yi kamar da bakin ƙwarya. Saboda ƙarar kwano sai da na matso dab da kunnenki sannan kika ji ni."



Hamdiya ta zuba mata ido tana roƙon Allah a zuci. Wallahi so take Mama ta fusata. So take ta ɗauki tiren nan ta jefe ta da shi, ta ce ke har kin isa ki zarge ni. Da ta yi haka, da Hamdiya ta faɗi ta kama ƙafarta ta nemi gafara, ta koma gida da farin ciki ko da an kore ta daga ƙungiyoyin duniya duka.

Hajiya ta sauke tiren ƙasa. Ta kakkaɓe zaninta.

"To. Sai me?"



"Mama..."

"Na ce sai me? Kin gano. Allah ya ba ki lada."

"Ke ce?"

"Kin zo da amsarki a hannu, me kike tambayata?"

"Kin ce idonki ba ya ganin rubutun waya."

"Yana gani in na ga dama. Kuskurena ɗaya, na yarda da kunnena. Tun kafin a haife ki kunnen nan bai taɓa ba ni kunya ba, sai yau."

Ko a muryarta babu nadama. Abin da ya fi ƙona wa Hamdiya rai ke nan. Da a ce kunya ta gani a fuskar nan, da ta san inda za ta ajiye abin. Amma Hajiya haushin kuskuren take ji, ba haushin aikin ba.

"Ranar da ya ce rubutuna kamar kunun da aka manta ba a sa wa tsamiya ba, nan na zo. A cinyarki na yi kuka."

"Na share miki hawaye ko ban share ba?"

"Ranar da ya ce in koma ruga in kama tallar nono, nan ne gadona..."

"Wannan kam na ɗan zafafa."

"Kin ɗan zafafa." Hamdiya ta maimaita, hawaye na bin kumatunta. "Mama, me na yi miki? A saman kowane shafi sunanki nake fara sawa. Da littafinki na koyi haɗa baƙi. Ina aji huɗu na haddace Gaɓar Antau kamar karatun allo. Ban taɓa shiga taro na buɗe baki ban ce ke kika koya min ba."

"Shi ne ai."

"Shi ne me?"

"Sadaka kike ba ni."

Hajiya ta gyara zama. Yanzu muryarta ta sauka, kuma Hamdiya ba ta taɓa jin ta haka ba.

"Watannin baya na je asibiti awon jini. Wata yarinya mai farin kaya ta karɓi katina, ta karanta sunana, ta yi tsalle. Na ce a raina, alhamdu lillahi, ashe da sauran masu tunawa. Kin san me ta ce min?"

Hamdiya ta girgiza kai.

"Ta ce, Hajiya, ke ce Maman Hamdiya mai Hanyar Garaku? Don Allah ki ce mata ta riƙa ƙara tsawon shafi."

Hajiya ta yi wata dariya marar daɗi.

"Ni. Halima Sadiya. Ni da na yi rubutu da fitilar ƙwai, ina goyo ina rubutu. Ni da na sha zagi a garin nan, aka ce matar aure ta zama mai ƙirƙirar ƙarya. Na ɗauki littafi a buhu na hau mota har Kano, na dawo mata suna layi a zauren nan suna jiran kashi na biyu. Mu muka sare dajin. Ku kuka zo kuka tarar da hanya, kuna latsa waya da babban yatsa kuna kwance, a ce muku marubuta."

"Ban taɓa raina ki ba."

"Gara ki raina ni. Wanda aka raina ana ganinsa."

"Shi ya sa kika ce ni ɓarauniya ce?"

"Ƙarya na yi? Yadda kike rufe babi, a ina kika samo? Yadda kike sa mace ta yi shiru a inda wata marubuciyar za ta sa ta kururuwa, wa ya koya miki? Ko numfashin da kike ja kafin ki kashe mutum a labari nawa ne."

"Naki ne. Ban musa ba. Amma ƙwaryar ba taki ba ce."

Hamdiya ta matso kusa.

"Kin san ba taki ba ce, Mama. Na faɗa miki. Ke kaɗai na faɗa wa."

Ta faɗa mata kuwa. Ranar ruwan nan, bayan ta gama karatu, ta gaya mata cewa matar da ke cikin labarin Innarta ce. Tana 'yar ƙarama suka taho daga rugarsu ta wajen Garaku, ɗan acaɓa ya bangaje Inna a bakin kasuwa, ƙwaryar da ta gada wurin uwarta ta tsage. Inna ta durƙusa a kan kwalta tana kwalfar nono da tafin hannu tana mayarwa, 'yan tasha na dariya. Bafulatanar da ko cin abinci ba ta yi a gaban mutane. Da suka bar wurin ta kama kunnen Hamdiya ta ce, ki rantse ba za ki taɓa faɗa wa kowa abin da kika gani ba. Ta rantse. Inna ta kai ƙwaryar aka ɗinke, har yau ita take ɗauka.

Daɗin rubutu ne ya ja Hamdiya ta rubuta. Rantsuwar ce ta sa ta goge.

"Kin yi kuka ranar," in ji Hamdiya. "Na ga hawayenki da idona. Na ce a raina Mama tana son Innata."

"Kin zaci don Innarki na yi?"

Hajiya ta taɓe baki.

"Don kaina na yi. Ina jin wurin nan na san an wuce ni. Duk littattafaina babu shafi ɗaya da ya kai shi. Na zauna ina kallon bakinki ina cewa, wannan abin da na raina da hannuna, yau shi zai binne ni da raina." Ta ɗauki tiren ta mayar cinya. "Sai na ce, to, in dai za a yabi wurin nan, sai dai a yabe shi da sunana."

Ashe haka ciwon yake. Hamdiya ta sha zagin Matankaɗi wata da watanni ba ta taɓa jin ta tsani rubutu ba sai yau. Ta kalli tabarmar, ta kalli mangwaron, ta kalli hannun da ya sha shafa kanta. Komai yana nan yadda ta san shi, amma ta ji kamar gidan baƙi ta shigo.

Ta miƙe tsaye.

"Ranar Asabar zan faɗa musu."

"Ki faɗa musu me?"

"Gaskiya."

"Zauna, 'yar nan. Bari in ƙara miki darasi ɗaya, kyauta." Hajiya ta ci gaba da ɓara, ko kallonta ba ta yi. "Mutum nawa suka san wurin ƙwaryar nan?"

"Ni da ke."

"Madalla. Ashe in ba ni ba ce, wa ya rage?"

Sai a lokacin Hamdiya ta gane: ita Hajiya za ta laƙaba wa Matankaɗin.

"Ba za ki yi haka ba."

"Ni na kafa ƙungiyar nan. Ubale a zaurena ya koyi riƙe alƙalami. Rabin waɗanda za su zauna ranar Asabar ni na yi musu gabatarwar littafi. Ke kuma wace ce? 'Yar mai nono da ta samu waya."

"Mama!"

"Kuma in kin tashi kare kanki, sai kin faɗi inda wurin ya fito, da dalilin da ya sa kika goge shi. A gaban maza da mata. Kafin magariba yana guruf, kafin safiya yana bakin 'yan tasha. Innarki za ta zo kasuwa ana nuna ta da baki." Ta hure ɓawon da ke tafinta. "Ki zaɓa. Ko ki karɓi yafiyata ki yi shiru, ko ki tsiraita uwarki."

Ƙarar mashin ta tsaya a ƙofar gida. Aka yi sallama daga zaure.

"Wa alaikumus salam! Ubale ne? Shigo mana, gidanku ne."

Cikin ƙiftawar ido muryar Hajiya ta koma ta Mama. Ta miƙo hannu ta jawo Hamdiya ta zaunar da ita a tabarmar, ta ɗora tafinta a kanta.

Malam Ubale ya shigo da hularsa a karkace, waya a hannu. Ya rusuna ya gaishe da Hajiya, ya kalli Hamdiya.

"Ah, ashe kina nan. Gara ma. Hajiya, wani abu ne ya ɗaure min kai. Na ce kafin Asabar bari in haɗa shafin nan da littafinki in gani da idona. Na karanta shi daga sama har ƙasa, na sake. Babu ƙwarya, babu nono, babu kwalta. Yara ma sun fara tambaya a guruf. Wannan Matankaɗin ya soki abin da ba a ɗora ba. To a ina ya gani?"

Hajiya ta yi ajiyar zuciya mai tsawo.

"Zauna, Ubale. Maganar da muke kai ke nan."

Yatsunta suka ƙara nauyi a kan Hamdiya.

"Ka rufa mata asiri, yarinta ce. Ka san yaran yanzu da neman mabiya. Sun gano cewa wanda ake zagi shi ake tausayi, wanda ake tausayi shi ake karantawa. Ita ta buɗe wa kanta Matankaɗin. Allah ya tashi kama ta, ta soki wurin da ta manta ta goge. Ga ta nan, yanzu ta gama faɗa min. Ba ka ga kukan da ta sha ba?"

Malam Ubale ya kalli fuskar Hamdiya. Jage-jage take da hawaye, ido ya kumbura. Duk wanda ya gan ta zai ce mai laifi ce ta zo tuba.

"Innalillahi," ya ce a hankali. "Hamdiya? Ke da nake kafa misali da ke?"

"Malam, wallahi..."

"Kada ki rantse. Ban yanke miki hukunci ba. In ba haka ba ne, buɗe baki ki faɗa min. Wurin ƙwaryar nan daga ina ya fito? Me ya sa kika goge shi? Wa kika karanta wa?"

Hamdiya ta buɗe baki.

"Salamu alaikum. Masu gida suna ciki?"

Muryar ta fito daga zaure, siririya, mai kunya. Hamdiya ta runtse ido.

Inna ta shigo a sunkuye saboda ƙofar, ƙwarya a ka, faifai a rufe. Tun da Hajiya ta ɗauki Hamdiya tamkar 'yarta Inna ke kawo mata nono da man shanu duk mako, kuma ko sau ɗaya ba ta yarda an biya ta ba. Ta durƙusa ta sauke ƙwaryar a gaban tabarma, dab da ƙafar Malam Ubale.

Idonsa ya sauka a kan ɗinkin. Tsohon ɗinki ne, ya yi baƙi, ya taso tun daga baki har gindin ƙwaryar. Ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya ɗago ya kalli Hamdiya.

"A yi haƙuri, Hajiya, yau mota ta yi wuya daga Garaku," in ji Inna.

Sai a lokacin ta lura da fuskar 'yarta. Ba ta kira sunanta ba, don 'yar fari ce, ba ta taɓa kira ba. Ta dai kalli hannun Hajiya da ke kan yarinyar, ta yi murmushin wanda hankalinsa ke kwance.

"Hajiya, me yarinyarki ta yi? In laifi ta yi miki ki hukunta ta, kada ki duba idona. Ai na riga na ba ki ita amana."